Kwale-kwalena na farko: sabo ko na hannu?

1/ Zaren nan na masu ƙaramin jari ne. Bana na sayi kwale-kwale, na farko a rayuwata, kuma na hannu na ɗauka alhali ga sabo ana yi mini tayi. Da yawa sun tambaye ni dalili, bari in amsa sau ɗaya. Dogo ne fa, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

2/ Kafin wani ya fara zolaya: ba irin babur ɗin ruwan da kuke gani ana sheƙa gudu da shi a Legas ko tafkin Jabi ba ne. Nan Malumfashi ce. Jirgin katako ne na su, mutum biyu da kayan aiki, filafili ne injinsa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ban ma bari zuciyata ta yi sha'awar abin da zai sha fetur ba.

3/ Ni manomi ne, masara da waken suya. Duk ɗan yankinmu ya san abin da ke biyo bayan kaka: an kai amfani gida, hannu ya zauna har sai ruwa ya sauka. Sa'o'ina wasu su tafi cirani Abuja ko Fatakwal, wasu su hau acaɓa. Ni dam nake sauka, don kawuna masunci ne, tun ina firamare nake riƙe masa filafili. Shekara biyu ina hayar jirgin wani, duk abin da na kamo kashi ɗaya cikin uku nasa ne, ko ya zo bakin ruwa ko yana gida yana barci.

4/ Jarina buhu bakwai ne na masara. Biyar nawa, biyu Inna ce ta cire daga abincin gida ta ba ni, ta ce, "Ga shi, amma ka sani hatsin bazara ne na ba ka." Wanda ya taɓa ganin rumbu ya yi ƙasa a watan Yuli ya san nauyin wannan maganar. Sannan ƙanena ne zai riƙa shiga jirgin tare da ni. Wato kuɗin gida da ɗan gida duk a kan katako ɗaya.

5/ Sabo na fara nema, kamar kowa. Jiragen da ake yabo na wajen Yawuri ne, can bakin Kwara, inda sassaƙa jirgi gado ne. Amma ka lissafa kuɗin motar da za ta ɗauko shi, ka kuma tuna hanyar Birnin Gwari. Na bar wannan. Sai wani kafinta da ke haɗawa a nan kusa ya yi mini kuɗi. Da na lissafa, buhu bakwai ɗin cif zai cinye.

6/ A nan ne lissafin ya tsaya mini. Jirgi ba ya kama kifi. Kalli ke kamawa, da birgi, da mamari. In na zuba komai a jirgi, zan zauna cikin sabon katako mai ƙamshi ina kallon ruwa, ko in koma haya, wannan karon hayar raga. Na gudu daga kashi ɗaya cikin uku na faɗa wani ke nan.

7/ Kuma sabon ma ba lallai ya zama lafiyayye ba. Da maɗaci da kawo ake yin jirgin kirki, su ke jure ruwa. Yanzu sun yi wuya sun yi tsada, mai ƙaramin kuɗi farin katako ake haɗa masa, wani lokacin ma ɗanye. Ɗanyen katako in ya sha rana sai ya tsuke, haɗin ya buɗe, ka ga haske ta tsakanin falankai. Ba ka da hanyar sanin halinsa sai ya yi rani ɗaya a hannunka, lokacin kuwa kuɗi sun riga sun tafi.

8/ Sai muka koma duba na hannu, ni da Kawu. Uku muka gani.

Na farko baƙi wuluk, yana ƙyalli, an shafe shi da kwalta ciki da waje. Na ce, "Kawu, ai wannan kamar sabo." Bai amsa ba. Ya sa aka kife shi, ya bi cikinsa yana ƙwanƙwasawa da ƙotar wuƙa. Wani wuri ya yi ƙara ƙwal-ƙwal, wani wuri ya yi dum kamar ka bugi kabewa. A inda ya yi dum ya danna tsinin wuƙar, sai ta shige kamar cikin dafaffen rogo. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce wa mai jirgin, "Allah ya kawo kasuwa." A hanya ya ce mini, "Yaro, kwalta ba katako ba ce."

9/ Masu sayen mashin na hannu kun gane wannan. Boxer ɗin da aka yi wa sabon fenti aka wanke inji da kananzir ranar da za a kai shi kasuwa, shi ne wanda ya kamata ka fi tsoro.

10/ Na biyu ya yi rani biyu a kife a kan tudu. Mai shi yana ta cewa ai bai wahala ba, an huta da shi. Ga jirgin katako wannan hutun shi ne ciwon. Ruwa ke kumbura katako ya matse haɗi, in ya daɗe a waje sai ya bushe ya tsattsage, gara kuma ta samu gida. Ƙusoshinsa duk sun zubar da jan tsatsa a jikin katakon, ka taɓa kan ƙusa ya gutsure. Mun wuce.

11/ Na uku shi ne mafi muni a ido. Ya koɗe, akwai faci biyu a gefe, wurin zama ya lotsa. Na wani dattijo ne abokin Kawu, idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa sun hana shi shiga ruwa. Amma kullum jirgin yana cikin ruwa, jikansa na fita da shi. Maɗaci ne. Kuma dattijon da kansa ya nuna mana aibinsa: "Wannan falankin na ƙasa ku sa masa ido, bai wuce damina biyu ba za ku canza shi." Mai sayarwar da ya nuna maka inda kayansa ke ciwo, wallahi ya rage maka rabin aiki.

12/ Duk da haka Kawu bai yarda da baki ba. Muka kwarfe ruwan ciki tas, muka ɗora buhunan yashi biyu, nauyin ni da ƙanena, muka ɗaure shi a bakin gaɓa ya kwana. Da asuba muka zo: ruwan da ya taru bai rufe tafin ƙafa ba. Kowane jirgin katako yana ɗan yoyo, har sabo. Abin dubawa shi ne nawa yake sha, kuma ta ina. Ta haɗi ne, auduga da kwalta sun isa, mu kuwa ƙasar auduga muke. Ta tsakiyar falanki ne, ruɓa ce, ka bar shi.

13/ Na san wani zai ce tsohon jirgi ai shi ke kashe mutane. Ban raina wannan maganar ba. Babu wanda ya manta Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, a dam ɗin Watari, mutum sama da 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. A watan Mayun shekarar kuma ga na Warrah a jihar Kebbi. Allah ya jiƙansu. Amma ku koma ku karanta labaran, za ku ga lodi fiye da kima a ciki, kuma babu rigar ruwa. Shi ya sa kafin in sayi ko ƙugiya ɗaya na cire kuɗin rigar ruwa guda biyu. Masunta sun yi mini dariya, wai ɗan masunci da rigar 'yan yawon buɗe ido. Su yi ta yi. Iskar hadarin farkon damina ba ta tambayar wa ya iya iyo.

14/ Yadda masarar ta tafi: buhu uku da rabi jirgi. Kusan biyu kalli da mamari. Sauran gyara, rigunan ruwa, da abin da na kai na gaida Sarkin Ruwa na shiga ƙungiyar masunta. Rabin buhu ya rage, na mayar wa Inna. Ta ce saura ɗaya da rabi, ba ta yafe ba.

15/ Ba zan ce muku na hannu ya fi sabo ba, don abin da na saya da gaske idon Kawu ne da gaskiyar dattijon nan. In ba ka da wanda zai kife maka jirgi ya ƙwanƙwasa, kada ka je kai kaɗai ka sayi tsoho don arha. Gara ka sa a haɗa maka sabo ƙarami, ka tsaya a kan kafintan ka ga katakon da idonka kafin a buga ƙusa, ka haƙura da raga ɗaya zuwa baɗi. Ni ma na san nawa ba zai kai shekarun sabon maɗaci ba, kuma falankin nan yana jirana.

16/ Yau sati bakwai ke nan. Hunturu ne, kifi ya yi ƙasa, amma karfasa da tarwaɗa suna shigowa, kuma babu mai jirana a bakin ruwa da kwanonsa na kashi uku. Na fara ajiyar kuɗin falanki a asusu daban.

Wanda ya san inda ake samun busasshen maɗaci a Funtua ko Zariya, mai kaurin inci ɗaya, don Allah ya yi mini magana ta akwati.