Ɗanyen itace ba ya riƙe tsirkiya

Jikana, kakarka ta faɗa mini kwana uku ke nan kana bayan rumbu da zarto da guntun katako, wai jita za ka haɗa. Ta faɗa ne don in tsawata maka. Ba zan hana ka ba. Amma ajiye wayar nan, ka matso kan tabarma, ka ji labarin jita uku da na yi da hannun nan: biyu sun mutu, ta ukun ce kake gani rataye a ɗakina tun kana rarrafe.

Na san abin da ya tsokano ka. Mdou Moctar ne, mutumin Abalak, wanda kuke kallo a waya dare da rana. Gaskiya ne da guntun itace da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, iyayensa ba sa so. Gaskiya ne kuma a 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka haye teku. Kafin shi ma, marigayi Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi, da fatar akuya, da tsirkiya ɗaya tal ya yi kuntigin da ya ciyar da shi har ya koma ga Allah a 2015. To, rashin kayan kanti bai taɓa hana mai niyya ba. Sai dai masu ba ku labarin suna tsallake wurin da wahalar take, kuma nan ne ni na faɗi har sau biyu.

Ta farkon na yi ta ne ina koyarwa a lakwal, bayan wani direba da ya fito Agadas ya yada zango a Tanut ya bar ni na riƙe tasa. Ban yi barci ba daren nan. Na dawo Falanko na sari reshen aduwa yana ɗanye, na sassaƙe wuya cikin mako guda, na ɗaura wayoyi shida. Kwana goma ta yi tana magana. Daga nan wuyan ya soma tanƙwarewa kamar baka, wayoyin suka yi ta tashi sama har ɗan yatsana yana shiga tsakaninsu da itacen. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, wayoyin ƙarfe shida idan aka ɗaure su daidai suna ja da nauyin da ya kai kilo 70. Buhun siminti kilo 50 ne. Ka ɗora wa ɗanyen reshe wannan kaya ba dare ba rana, ai dole ya durƙusa.

Saboda haka kada ka sari itace mai rai. Damargu ba ta da itacen da za a yi wasa da shi, gawon gona kuwa ko ma'aikatan gandun daji ba su gan ka ba, gero zai tambaye ka. Nemi tsohuwar ƙofa, ko ƙafar gadon da ya shekara ashirin a ɗaki. Itacen da ya gama motsinsa shi ake ba amana.

Ta biyun ta fi ba ni ciwo, domin na zuba mata hutun damina gaba ɗaya. Katakon busasshe ne, na goge shi har yana sheƙi, na manna komai cikin watan Agusta, iska cike da laima. Da hunturu ya shigo, wani dare na ji ƙara a kusurwar ɗaki kamar an tsula bulala. Na haska fitila, sai ga fuskar jitar ta tsage daga bakin rami har ƙasa. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Wanda aka manna yana kumbure, in ya tashi tsukewa gam ya riƙe shi ta ko'ina, ba shi da mafita sai tsagewa. Manna da rani, lokacin da leɓe ke fashewa. In damina ta zo ya ɗan kumbura, ba abin da zai same shi.

Tun kafin ta tsage ma tana da wani aibu. 'Yan ƙarafan nan da ake gittawa a wuya, waɗanda nake kira gaɓa kamar ta kara, na jera su ne da tazara ɗaya, don a ido haka ya fi kyau. Kowace gaɓa na danna, sai murya ta fito a karkace. Kai da ka yi lissafi a lakwal, ga inda zai yi maka rana. Auna tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki, wato ɗan katakon da take hawa a kan fuska, a ce santimita 65. Raba shi da 17.8, ka sami wajen 3.65: nan ce gaɓa ta farko. Cire wannan daga tsawon, abin da ya rage ka sake raba shi da 17.8, ka sami ta biyu. Haka za ka yi ta yi, tazarar tana raguwa. In ka zo ta 12 ba ta faɗa tsakiyar tsirkiya cif ba, wato 32.5, to ka yi kuskure a baya, koma ka nemo shi. Da fensir mai tsini za ka yi alama, kuma ka auna sau biyu kafin zarto ya taɓa. Wayar ƙafar keke tana yin gaɓa mai kyau in ka goge ta.

Muryar jita kuwa a fuskarta take, kamar yadda muryar gurmi take a fatar da aka rufe ƙwarya da ita. Wani masassaƙin ƙasar Sifen, Antonio de Torres, ya yi jita a 1862 wadda bayanta da gefunanta na kwali ne, fuskar kaɗai ya yi da katako mai kyau, don ya nuna wa mutane haka, kuma ta yi magana. Kankare fuskar har kaurinta ya sauko wajen milimita 3, ka manna mata 'yan siraran haƙarƙari ta ciki. Ka riƙe ta da yatsu biyu kusa da kunne, ka ƙwanƙwasa. In ta ce “kwaf” ta yi shiru, da saura. In amon ya ɗan ja kafin ya mutu, ajiye wuƙa.

Da zan koma baya, da gurmi zan fara. Ƙwarya, fata, sanda, tsirkiya biyu, duk suna cikin gidan nan, kuma kwana kaɗan ya ishe ka. A nan kunne ke koyon jin bambancin sako-sako da ɗaure. Kada ka raina shi don na gida ne. Malam Mamman Barka, ɗan garin Tasker na nan jiharmu ta Damagaram, malamin makaranta ne kamata, da gurmi ya yi suna. A 2002 ya tafi bakin tafkin Chadi ya durƙusa gaban Bukar Tar ya koyi biram na Buduma mai tsirkiya biyar, lokacin da kiɗan ya kusa ɓacewa. Ya rasu a 2018, bayan ya kai wannan kiɗa har Turai.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi. Mutanen gari za su ce jikan Malam ya shiga roƙo. Bar ni da su. Amma bar ɓoyo a bayan rumbu. Je ka sami mahaifinka yau, ka faɗa masa da bakinka, ka yi masa alkawarin zarto ba zai ci lokacin salla ko na gona ba, kuma ka cika. Ni da kaina zan yi masa magana bayan ka yi taka.

Akwai tsohuwar ƙofa jingine a zaurena, tun ta ginin farko ce. Na ba ka. Gobe bayan la'asar ka zo da ma'auni da fensir mu fitar da wuya, gam kuwa ba za mu buɗe shi ba sai an gama sussuka, hunturu ya kankama.