Rawar matattu da ta fi bangonta daɗewa

A shekara ta 1424, lokacin da birnin Pari yake hannun Ingilishi, annoba kuma tana ta komowa tun ɓarkewarta a 1348, aka soma zana wani dogon hoto a bangon maƙabartar Innocents, daf da babbar kasuwar garin. Jerin gwano ne na masu rai: Paparoma, sarki, alƙali, ɗan kasuwa, mai ba da bashi da ruwa, likita, manomi, har jariri. Kowannensu gawa na janye da shi zuwa rawa. Masana da yawa na ganin gawar ba baƙuwa ba ce, surar mutumin ce kansa, yadda zai koma gobe.

A 1669 aka rushe bangon don a faɗaɗa titi. Da shi ke nan, sai dai tun 1485 wani mai ɗab'i, Guyot Marchant, ya sa an sassaƙa hotunan a allunan itace, aka shafa musu tawada, aka danna kan takarda. Kwafi ɗaya tak aka sani na bugun farko, yana ɗakin karatu na Grenoble. A 1486 ya sake bugawa, ya ƙara da jerin mata.

Da wa'azin yana jiran mutum a maƙabarta, inda mai gaggawa kan kau da kai ya wuce. Takarda kuwa ta bi shi har rumfa da buro. Ɗan kasuwar da ya buɗe littafin sai ya tarar da ɗan'uwansa, wanda ya keta ƙasashe neman riba, an tsayar da shi inda ba a taya farashi. Alƙalin da ya saba aika sammaci, yau shi ake sammata don ya ba da lissafin aikinsa. Mai bashi da ruwa kuwa, gawa na jan hannunsa, ɗaya hannun yana miƙa wa talaka rance.

Hausawa kan ce mutuwa rigar kowa. Masu sassaƙar Pari sun yarda da haka, amma sun zana kowa da kayan sana'arsa, domin a nan aka ɗora masa amana. Wanda ke riƙe da mudu ko hatimin gwamnati ya fi kowa sanin abin da za a tarar a hannunsa ranar da aka kama shi.