Akwatin hoto na Babankatami

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, hoto ɗaya tak ya bar mana na ƙuruciyarsa. Ɗan ƙarami ne, baƙi da fari, irin wanda ake liƙawa a katin ɗan ƙasa, an ɗauke shi a 1992 sa'ad da yake mushen lakkwal a Babankatami. Shekara da shekaru yana cikin akwatin mahaifiyata, a naɗe cikin takardar haihuwata. Bana da aka fito da shi sai muka tarar ya yi rawaya, fuskar ta soma ɓacewa, hular kaɗai ake gani sosai. Tsohuwa ta ce in tafi in nemi wanda ya ɗauka, ko Allah ya sa dodon hoton yana wurinsa. Abin da ya fitar da ni daga Yamai ke nan cikin ɗarin bana.

Daga Yamai zuwa Madawa kwalta ce, ta bi ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Ba sai na tsaya ba ku labarinta ba, ƴan kasuwa sun fi ni saninta. Daga Madawa, garin tabarmi da albasa, muka juya arewa zuwa Buza. Nan ƙasa take sauya kama: tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, baƙin dutse barbaje ko'ina, da kwaruruka waɗanda ruwan damina ya zaizaye. A gefen tuddai mutum yana ganin layukan duwatsu da aka jera don tare ruwa, irin aikin da ya yaɗu a yankin tun daga Furoje Keita, wanda Italiya da hukumar FAO suka soma a 1984, mata kuma suka ɗauki mafi yawan nauyinsa a kansu.

Amma abin da ya fi kama mini ido shi ne rumbunan Adar. Manya ne, na laka, masu kumburarren ciki kamar randa, tsaye a jere a bakin ƙauyuka. Baƙo yana iya zaton don sha'awa aka ƙera su haka. A'a. An ɗora su bisa duwatsu saboda gara da danshi. An yi su kewayayyu domin laka ta fi jure nauyin hatsi idan babu kusurwa. An ƙuntata bakinsu a can sama, aka rufe da hular ciyawa saboda ruwan sama. Kowane sashe da dalilinsa, kyan kuwa da kansa ya biyo baya. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu komo kansa.

Babankatami tana gabas da Buza, cikin ƙuran hanya. Kabu-kabu ya kai ni. Lokaci ne na ci-rani, gari ya rage tsofaffi, mata da yara, domin majiya ƙarfi sun bazu Najeriya, Kodibuwa da Libiya kamar yadda Adarawa suka saba. Da na ce ina neman tsohon mai hoto, ba a yi mini tambaya biyu ba. Wani yaro ya ja ni har zaure.

Dattijo ne mai farin gemu, idonsa ɗaya ya yi hazo. Bayan mun gaisa na miƙa masa hoton. Ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

“Aikina ne,” in ji shi. “Ga bakin ƙyallen da nake ratayawa a bango. Ɗana, wane ne wannan gare ka?”

Na ce, “Baba, mahaifina ne. Ko kuna da dodonsa?”

Bai amsa ba. Ya sa jikansa ya jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, lulluɓe da buhu. Akwatin katako ne, bai fi girman akwatin tufafin ɗan makaranta ba, da ƙafafu uku a ɗaure gefe. Wannan shi ne abin da ake kira foto-minit da Faransanci, wanda yawancinku, ma'aikata, kuka zauna gabansa ranar da za a haɗa muku takardun jarrabawar sartifika.

Ga yadda yake aiki, kamar yadda ya nuna mini. A gaba akwai gilashi ɗaya, wanda ya ciro daga wata matacciyar kamara. Babu maɓallin ɗauka: murfin gilashin ake zarewa da hannu, a ƙirga ɗaya, biyu, a mayar. A baya akwai rami da aka ɗinka wa ƙafar baƙin wando, ta nan mai hoto yake zura hannu ba tare da haske ya shiga ba. A ciki akwai ƴan kwanoni biyu, ɗaya na maganin da ke fito da hoto, ɗaya na wanda ke tsayar da shi. Ba a sa fim. Takardar hoto ake sakawa kai tsaye, ta fito da mutum a juye, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Wannan shi ne dodo. Sai a liƙa shi a kan wani ɗan allo gaban gilashin, a sake ɗaukarsa, a wanke, hoto na ainihi ya fito. A ɗauraye a bokiti, a yanke da almakashi, a miƙa wa mai shi da sauran danshinsa. Ba lantarki, ba batir. Kafinta ya haɗa shi, tela ya ɗinka hannun, idan ya tsage kuma ƙusa da tsumma sun isa.

Ganin haka ya sa na fito da salula, na nuna masa hoton wata kamara da kamfanin Sigma na Japan ya fitar a 2025, mai suna BF, wadda ta tayar da gardama tsakanin masu sana'ar a duniya. Daga dunƙulen alminiyom guda ake sassaƙa jikinta, aikin sa'a bakwai. An rage mata maɓallai sai ƴan kaɗan da ɗan faifai ɗaya na murzawa. Babu ramin leƙawa da ido, babu wurin sa katin ajiye hotuna, ma'ajiyar tana cikin cikinta. Lokacin da aka fitar da ita a 2025, kuɗinta kusan dalar Amurka 2,000 ne, wato sama da miliyan ɗaya na sefa, ban da gilashi. Kafin ita, a 2016, kamfanin Leica na Jamus ya fitar da M-D, wadda aka cire wa allon duba hoto na baya, aka kuma sayar da ita da tsada fiye da ƴar'uwarta mai allo. Hujjar masu ƙera su ita ce, yawan maɓallai yana raba hankalin mai ɗauka da abin da ke gabansa.

Tsoho ya kanne idonsa mai gani, ya ce, “Wallahi tana da kyau, kamar sabulun amarya. Hujjarsu kuma gaskiya ce, don ni ma mutum nake duba, ba akwati ba. Amma ɗana, ta ina ake buɗe ta? Idan ƙurar Adar ta shige ta, wa zai hura?”

Na ce sai an mayar wa masu ita.

Ya yi dariya. “To, ba ragewa suka yi ba, ɓoyewa suka yi.”

Wannan magana ta zauna mini. Sauƙi iri biyu ne. Akwai na rumbu da na akwatin nan, inda ake zubar da duk abin da ba ya aiki, abin da ya rage kuma yana hannun mai shi, ya san shi, yana iya gyara shi. Akwai kuma sauƙin da ake nuna wa ido kaɗai, wahalar tana nan a kulle ciki, mabuɗin yana wata ƙasa. Ko wannan na biyun ba sabo ba ne. Tun a 1888 kamfanin Kodak ya sayar da kamarar da mutum zai ƙare fim ɗinta, ya aika da ita dungum zuwa masana'anta a Amurka, a wanke, a sake cika ta, a komo masa da ita. Inda akwai gidan waya mai aiki da mai gyara kusa, wannan ciniki ne mai kyau. A ƙauyen da ke nesa da kwalta kuwa, kyan ɗan maciji ne.

Kada dai a ce na zo yabon tsohon zamani. Akwatin ma yana da nasa aibi, kuma shi ne ya kawo ni. Da na tambaye shi dalilin da ya sa hoton mahaifina ya yi rawaya, tsohon ya sunkuyar da kai.

“Ruwa ne,” in ji shi. “Hoto yana son a ɗauraye shi da kyau, a sake ruwa sau da yawa, har maganin ya fita sarai. In ya saura a takarda, shi ke cin ta a hankali. Mu kuwa a nan, da bazara, bokiti ɗaya ke wanke hotunan yini guda. Mai kati yana sauri, mu ma muna tattali. Ba don jikoki muka yi ba, don jandarman kan hanya muka yi.”

Haka nan sana'ar ta dogara ga takarda da magani waɗanda ba a yi a nan. Ya ce karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka musu kuɗin kaya. Daga baya mutane suka koma son hoto mai launi, sannan salula ta shiga aljihun kowa. Lokacin rajistar masu zaɓe don zaɓen 2020, ma'aikata da na'urorinsu suka zo, su suka ɗauki kowa. Akwatin bai lalace ba ko kaɗan, abin ciyar da shi ne ya ƙare. Ashe shi ma mabuɗinsa ɗaya yana waje.

Dodon hoto fa? Ya fito da wani gwangwanin madara cike da su, ɗaruruwan fuskoki farare masu baƙaƙen haƙora. Muka zauna muna dubawa daga azahar har la'asar ta yi sanyi. Na mahaifina ba ya ciki. Yawanci, in ji shi, mai hoto yake ba mai shi, ko yara su kwashe su yi wasa. Na ɗauki tsohon hoton da salula kafin ya ida ɓacewa, da na isa Tawa kuma na sa aka buga mini shi a takarda guda huɗu, na raba wa ƴan'uwa. Salula tana faɗawa rijiya, ana sace ta, tana mutuwa da abin da ke cikinta.

Ku ƴan kasuwa da kuke shigo mana da kaya, da ku ma'aikata da kuke sa hannu a takardun sayen na'urori don ofisoshi, asibitoci da makarantun karkara, ga guzurin da na komo da shi. Kafin sheƙin abu ya ruɗe ku, ku tambaya: ta ina ake buɗe shi, wa zai gyara shi a Buza ko Keita, kuma me yake ci wanda ba mu da shi? Ba girin-girin ba, ta yi mai. Wanda kuma yake da hoton iyayensa a ƙasan akwati, ya je ya duba shi yau.

Da zan tafi, tsohon ya sa jikansa ya mayar da akwatin ƙarƙashin gado. Ya ce in na samo masa takarda da magani in komo, zai ɗauke ni kyauta, kuma wannan karon ba zai yi rowar ruwa ba. Na yi masa alkawari. Allah ya ba mu ikon cikawa.