Majinyaci Ɗaya, Masana Barkatai

Bara na yi kwana 11 ina jinyar mahaifiyata a wani asibiti, saboda ciwon sukari da ya taɓa mata ƙafa. Abin da na gani a can shi ya sa ni ɗaukar alƙalami.

Wata safiya likita ya rubuta magani ya wuce. Da na kai takardar ɗakin magani, sai mai harhaɗa magunguna ya ce ƙwayar metformin ba ta dace da mai raunin ƙoda irin na Inna ba, in koma in shaida wa likita. Na koma, likita ya shiga tiyata. Nas ta ce ba ta da ikon taɓa rubutunsa. Jami'ar jin daɗin jama'a kuwa, wadda za ta nema mana sassaucin kuɗi, ba mu ji labarinta ba sai ranar sallama. Ni da ban san kome game da magani ba na zama ɗan aike tsakanin masana, Inna tana kwance tana jira.

Ban ga malalaci a cikinsu ba. Kowa ya san aikinsa, sai dai bai saba da na ɗan'uwansa ba. Da na komo makaranta na tambayi abokina, ɗalibin likitanci, ya ce bai taɓa zama aji ɗaya da ɗalibin aikin jinya ba. To, yaya mutanen da ba su yi karatu tare ba za su iya aiki tare?

Wasu ƙasashe sun daɗe da farga. Tun 1986 Jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin ta fara haɗa ɗaliban fannonin lafiya a darasi ɗaya, a 1996 kuma ta buɗe ɗakin majinyata inda suke kula da marasa lafiya tare, malamansu na sa ido. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ke kira ga ƙasashe su bi wannan hanya, wato ɗalibai su koya tare, su koya daga juna, su kuma san aikin juna.

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Girmama juna ba a bakin gadon majinyaci ya kamata a fara koyonsa ba, a aji ne. An sallami Inna da ƙafarta, mun gode wa Allah. Amma har yau ina tunanin majinyacin da ba shi da ɗan aike.