Ashe Jirgin Fiba Da Kunne Ake Sayensa!

Jama'a, ku tsaya ku ji abin da na gano a bakin ruwan Yauri, don tun da na dawo duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin. Ashe jirgin fiba na hannu yana faɗin ciwonsa da bakinsa, in dai an san yadda ake tambayarsa!

Kawuna ne ya ja ni. Ya daɗe yana jigilar mutane da buhunan shinkafa a kwale-kwalen katako, amma tun haɗarin watan Mayun 2021 kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, hankalinsa ya ƙi kwanciya da katako. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ma tana ta kiran a rabu da tsofaffin jiragen itace. Sabon jirgin fiba ya fi ƙarfin aljihunsa, sai na hannu, irin waɗanda ake ɗorowa a mota daga Kudu. Guda biyu muka tarar a wurin wani dillali. Ɗaya shuɗi ne shar, fenti sai ƙyalli yake. Ɗayan fari ne da rana ta ci, jikinsa duk tsaga sirara-sirara. Duk wanda ke wurin idonsa na kan shuɗin.

Sai Kawu ya aika a kira wani dattijo mai gyaran jirgi wanda ya koyi sana'ar a Fatakwal. Ya zo da 'yar jaka, ba komai a ciki sai ƙaramar guduma mai kan roba, tocila, sukudireba da alli. Bai ko kalli fentin ba. Ya ce wa dillalin, "Alhaji, a fito da su tudu, a ɗora kan tayoyi, a wanke ƙasan. Ni ba na duba jirgi yana cikin ruwa."

Da farin ya fara. Ya kama yatsana ya ɗora kan tsagar nan mai kama da saƙar gizo-gizo, ya ce in ja farce a kai. Na ja, farcen ya wuce sumul, bai maƙale ba. Ya ce, "Ɗana, wannan fata ce kawai." A nan na fara jin yadda ake gina abin. Jikin jirgin hawa-hawa ne. Daga waje akwai wata fata mai sheƙi da suke kira jelkot, kaurinta bai wuce kamar rabin milimita ba. Ƙarƙashinta ne ainihin ƙarfin yake: zaren gilashi da aka jiƙa da rezin, shimfiɗa kan shimfiɗa, har ya daskare. Zaren yana iya ɗan lanƙwasawa ya koma, ita kuwa fatar gautsi gare ta, rana ta gasa ta, ta tsufa, ta daddare. Irin wannan tsagar muni ce a ido, kuɗin gyaranta kaɗan ne. Amma in farce ya faɗa ciki ya tsaya, ko ka ga bakin tsagar ya yi baƙi, ko danshi na tsattsafowa bayan sauran jikin ya bushe, to magana ta canza.

Can kusa da hancin jirgin sai ga wata daban, tsaga mai siffar tauraro, layuka sun fita daga tsakiya ta ko'ina. Baba mai gyaran ya zagaye ta da alli. Duka ne, ya ce, wani abu ya buga. Duk mai tuƙi a tafkin Kainji ya san menene: kututturan itatuwan da ruwa ya haɗiye tun da aka kammala madatsar a 1968, suna nan a ƙasa suna jiran jirgi, musamman in ruwa ya ja baya. Abin da ya yi daga nan ne ya burge ni. Ya shiga cikin jirgin ya ɗaga katakon daɓe, ya nemo daidai bayan tauraron nan daga ciki, ya haska. Zaren da yake lafiya launinsa ɗaya ne. Wanda ya karye fari yake yi fat, kamar an barbaɗa masa gari, domin rezin ɗin ya farfashe ya saki zaren. Nan bai yi fari ba. Ya danna da tafin hannu, bai motsa ba. Ya ce dukan a fata ya tsaya.

To, sai aka zo kan gudumar.

Kun ga yadda mata ke ƙwanƙwasa randa a kasuwa kafin su biya, su ji ko tana da tsaga? Haka ya yi wa jirgin nan, taki-taki, kowane ɗan yatsu huɗu sai ya buga a hankali. Kas, kas, kas. Sauti mai kaifi, tsaf. Ya bi gefe, ya bi ƙasa, ya bi ƙashin bayan jirgin tun daga hanci har gindi, ya bi layin haƙarƙarin da ke riƙe da shi daga ciki, inda ya ce in ka ga tsagogi dogaye sun jeru kusa da juna, haƙarƙarin ne ya saki jiki yana lanƙwasawa a kansa. Farin nan kas yake amsawa ko'ina. Muka koma kan shuɗin. Kas, kas, kas, har ya iso bangon baya inda ake ɗaura inji. Buf! Wallahi har ni da ban san komai ba sai da na ɗago kai. Ya sake bugawa. Buf, buf, sauti a mace, ba amo. Ya miƙo mini gudumar na gwada da hannuna, taku ɗaya gefe kas, in dawo nan buf. Tsigar jikina ta tashi.

Dillali ya ce, "Haba Baba, ai ko tsaga ɗaya babu a nan." Gaskiya ya faɗa, babu. Baba bai tanka ba. Ya kwantar da tocilar a jikin bangon, hasken ya bi fentin a kaikaice, sai ga tudu da kwari sun bayyana a wurin da ido ya rantse sumul yake. A kusurwoyin bangon biyu an cike wani abu an goge an shafe da fenti. Ya sa aka ɗaga injin Yamaha ɗin sama, ya kama ƙafarsa ya danna da nauyin jikinsa, ya ce mu zuba wa bangon ido. Bangon ya numfasa! Ya shiga ya fito, fentin kusurwa ya buɗe baki siriri ya rufe. Sannan ya nemi izini ya kwance sukuru ɗaya daga ƙasan bangon. Ruwa ruwan ƙasa ya biyo ramin, a bakin sukudireban kuwa ga ɗan ɓarɓashin katako baƙi, laushi tuɓus, ya murje shi da yatsu biyu ya zama taɓo.

Ashe bangon bayan yawancin jiragen nan filawud ne a tsakiya, an lulluɓe shi da fiba ciki da waje. Duk ramin noti da aka huda ba a toshe da kyau ba, ƙofa ce ga ruwa. Ruwa ya shiga, ba hanyar fita, katakon ya ruɓe a ɓoye, fatar waje na ta ƙyalli abinta. Ruwan daɗi irin namu ma ya fi na gishiri saurin ruɓar da itace. Wannan bangon kuwa shi ke ɗauke da nauyin inji da duk turin da yake yi. Ku yi tunanin ranar kasuwa, mata da yara cike, inji ya ɗauki wuta a tsakiyar tafki, bango ya ɓalle. Ni dai ban ga ribar sauƙin kuɗin da za ta kai mutum nan ba.

Akwai sauran abubuwa da ya nuna mana a gurguje. Ƙuraje a ƙasan jirgi, waɗanda ruwa ke haifarwa in ya ratsa fatar ya taru. Ya fasa ɗaya, wari mai tsami ya tashi, ya ce a kiyaye ido don ruwan na da zafi. In ƙanana ne jefi-jefi ana gyarawa. Daɓen da ke lotsawa ƙarƙashin ƙafa, shi ma ruɓa ce. Faci kuma ba laifi ba ne in an yi shi daidai: a goge bakin raunin a gangare, faɗin gangaren ya kai kamar ninki 12 na kaurin jikin, a sake shimfiɗa zare da rezin hawa-hawa. Abin da ya tsana shi ne a cusa filar gyaran mota a tsaga a bi da fenti, don ba ta riƙe komai.

Kawu ya tambaya ko shuɗin zai gyaru. Zai gyaru, in ji Baba, amma sai an yanke fatar ciki, an ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon kaf, an bar wurin ya bushe, an sa sabo, kuma kafin a gama kuɗin ya kusa na wani jirgin. Aka mayar da farin ruwa, muka zagaya da shi da lodi, muka dawo aka ɗaga daɓe, ciki a bushe ƙamas. Kawu ya yi amfani da tsagogin nan na fata ya nemi ragi, ya kuma samu, dillali na ta "Alhaji ka cuce ni" yana ƙirga kuɗi.

Kai mai shirin sayen na hannu, ko a Yauri kake ko Lokoja ko bakin Tafkin Chadi, ka ce a fito da shi tudu, ka je da wanda ya san aikin, ka biya shi ladansa. In babu gudumar roba, gindin sukudireba ma ya isa. Ka buga bangon baya da hannunka, ka nemi a kwance sukuru ɗaya a gabanka. In mai jirgin ya ƙi, ka mayar da kuɗinka aljihu.