Yamai Ta Jiya A Cikin Tsofaffin Hotuna

Duk yaron da muka nuna ma tsohon hoton bakin kogi a lakwal, tambayarsa ɗaya ce: ina gada? To, babu ita. Gadar Kennedy sai a 1970 aka buɗe ta. Kafin nan, mai zuwa Harobanda sai ya jira jirgin fito ko kwalekwale.

Tun da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, garin bai daina sake kama ba. Babbar Kasuwar da ke cikin waɗannan hotuna gobara ta cinye ta a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Ƙaramar Kasuwa ma ta ƙone a 2012. Unguwar Gaweye kuwa an tashe ta, otel ya gaji sunanta.

Amma mu lura, yawancin hotunan zamanin mulkin mallaka Turawa suka ɗauka, kuma gine-ginensu suka fi nunawa. Namu mutanen suna wucewa ta gefe, ba suna, ba asali. Hotunan da suka san mu suna cikin akwatunan iyayenmu, na biki da na suna, gara da damina na cin su.

Saboda haka mu fiddo su tun tsofaffi na da rai. Mu tambaye su wane ne wannan, wace unguwa ce, wace shekara, mu rubuta a bayan hoton. Allah ya ba mu iko.