Hoton Da Muka Ɓamɓare

Ranar gasar wasanni ta makarantarmu, mu 'yan kulob ɗin jarida muka ɗauki hoton wani ɗan aji ɗaya da ya faɗi a tseren mita 100, yana kuka, takalminsa a yage. Hoton ya yi kyau, wallahi. Muka manna shi a allon sanarwa.

Kafin a tashi tara, yaron ya samu sabon suna. Kwana uku bai zo makaranta ba.

Da muka zauna bitar aikinmu, malamarmu ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Hoto ya fita. To, wa ya nemi izininsa?" Muka yi tsuru-tsuru.

Wasunmu har yau suna cewa ai gaskiya muka ɗauka. Gaskiyar ce kuwa. Duk da haka mun ɓamɓare shi, muka bi yaron gida. Mahaifiyarsa ce ta amsa sallamarmu.